Yadda ake bin diddigin aikin gwamnati har a sa minista ya amsa tambaya

Duk wanda yake bin hanyar Abuja zuwa Kaduna ya san abin da ake cewa aikin gwamnati. A ƙarshen 2017 aka ba Julius Berger kwangilar titin Abuja zuwa Kaduna zuwa Zariya zuwa Kano, kilomita 375, a kan kuɗi wajen naira biliyan 155, akace shekara uku an gama. A 2021 aka sake fasalin aikin kuɗin ya koma biliyan 797, aka sa sabuwar rana, ranar ta zo ta wuce, har a Nuwamban 2024 ministan ayyuka David Umahi ya soke kwangilar ɓangaren Abuja zuwa Kaduna daga hannun kamfanin aka ba wani. Duk tsawon shekarun nan mu me mukayi? Munyi Allah ya isa a cikin mota, munyi zagi a Facebook, in anyi haɗari mun ɗora hoto munce innalillahi, shikenan. Ni ma ina ciki, ba wai na fi kowa bane.

Abin da na gane daga baya shine zagi baya damunsu ko kaɗan, sun saba, akwai ma yaran da ake biya su rama musu. Abin da basa so shine tambayar da take ɗauke da lamba da kwanan wata da sunan kamfani, irin wadda ba'a amsa ta da "ai aiki na tafiya". To yadda ake haɗa irin wannan tambayar nake so in bayyana, kuma wallahi bata buƙatar digiri, waya da data da haƙuri kawai.

Ka ɗauki aiki ɗaya, kuma ka san na waye

Kar kace zaka binciki gwamnati gaba ɗaya, zaka gaji a sati biyu. Ka zaɓi abu ɗaya da kake gani da idonka: asibitin sha ka tafi da aka aza harsashi aka gudu, kwalbatin da ruwa ya cinye a damina ɗaya, transifomar da aka kawo aka ɗauki hoto aka tafi da ita, burtsatsen da bai taɓa kawo ruwa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sai kuma tambayar da yawancinmu muke faɗuwa a kanta, aikin nan na waye? Na tarayya ne, na jiha ne, ko na ƙaramar hukuma? Sau da yawa zakaga mutum yana ta zagin minista akan titin cikin unguwa wanda na gwamna ne, ko yana zagin gwamna akan babbar hanyar da take ta tarayya, kuma ba abin da ke faranta musu rai kamar haka, kowa sai ya ce ba nawa bane ya kaɗe rigarsa. Fara da allon da aka kafa a wurin aikin, ka ɗauki hotonsa tun kafin ya tsufa ko a cire shi, a nan ake rubuta ma'aikatar da ta bada aikin da sunan ɗan kwangila, wani lokaci har da sunan ɗan majalisar da ya kawo shi. In an rubuta sunan sanata ko ɗan majalisar wakilai to wannan aikin mazaɓa ne, irin wanda ake ware wa naira biliyan 100 duk shekara. Amma ka riƙe wannan: ɗan majalisa baya bada kwangila a doka, shi dai ya sa aikin a kasafi, kuɗin yana zaune ne a ƙarƙashin wata hukuma ko ma'aikata, kuma wannan hukumar tana da minista a samanta. Kenan su biyun duka suna da amsar da zasu bayar, kuma kuɗin ba daga aljihun honarabul ya fito ba balle a ce ka gode masa kayi shiru.

Kasafi daban, sakin kuɗi daban, biyan ɗan kwangila daban

Nan ne zan ɗan daɗe domin a nan ake kayar da mutane. Za kaji wani yace "an ware miliyan ɗari biyu an cinye". Wataƙila an cinye ɗin, wataƙila kuma ko kobo bai fito daga baitulmali ba. Abin da aka rubuta a kasafin kuɗi izini ne na a kashe, ba tsabar kuɗi bane a hannu. Bayan majalisa ta amince shugaban ƙasa ya sa hannu, sai an saki kuɗin zuwa ma'aikatar, sannan a bada kwangila, sannan a biya ɗan kwangila kashi-kashi gwargwadon aikin da injiniya ya sa hannu cewa anyi. Kuma a ƙasar nan an saba shekara ta ƙare ba'a saki rabin kuɗin manyan ayyuka ba, kasafin 2024 ma sai da aka yi ta tsawaita ɓangaren ayyukansa har ƙarshen 2025. In ka fito ka ce an sace abin da ba'a saki ba, rana ɗaya mai magana da yawun minista zai fito da takarda ya kunyata ka, daga nan ko gaskiya ka faɗa babu mai sauraronka.

Don haka matakai uku zaka bi. Na farko kasafin kansa, yana nan kyauta a shafin ofishin kasafin kuɗi na tarayya, budgetoffice.gov.ng, ka sauke kundin da shugaban ƙasa ya sa wa hannu ba daftarin da ya kai majalisa ba, don tsakanin biyun nan ne ake cushe. Kundin yana da girma sosai, kar ka ce zaka karanta shi, ka buɗe shi a kwamfuta ko waya ka yi bincike da sunan garinku ko ƙaramar hukumarku, ka gwada rubutun ta hanyoyi daban-daban domin masu bugawa a Abuja suna kashe sunayen garuruwanmu ba kaɗan ba. Kowane aiki yana da lambarsa, yawanci tana farawa da ERGP, ka kwafe lambar da sunan aikin yadda aka rubuta shi da adadin kuɗin da hukumar da aka ajiye shi a ƙarƙashinta. Kuma ka duba shekaru uku ko huɗu a baya, domin akwai aikin da yake dawowa duk shekara kamar damina, a canza kalma ɗaya a sake sa masa kuɗi.

Kar kayi mamaki in ka ga aikin fitilun sola na ƙauyenku a ƙarƙashin wata kwalejin noma ko cibiyar bincike da take can wata jiha mai nisa wadda ba ruwanta da lantarki. Haka akeyi, kuma wannan ma kansa tambaya ce. Ƙungiyar BudgIT mai bin diddigin kasafin kuɗi ta ce ta gano ayyuka 11,122 na naira tiriliyan 6.93 da 'yan majalisa suka cusa a kasafin 2025, kasafin da gaba ɗayansa tiriliyan 54.99 ne. Kun dai tuna Sanata Abdul Ningi da ya yi zargin cushen tiriliyan 3.7 a kasafin 2024 a hira da BBC Hausa a Maris ɗin 2024, fadar shugaban ƙasa ta musanta, abokan aikinsa suka dakatar da shi.

Mataki na biyu, an biya ko ba'a biya ba? A Disamban 2019 gwamnatin Buhari ta buɗe shafin Open Treasury Portal, inda aka wajabta wa ma'aikatu su riƙa wallafa duk biyan da ya haura naira miliyan 5. Shafin wani lokaci yana ƙin buɗewa, wani lokaci kuma zakaga an biya kuɗi ba'a rubuta na mene ne ba, amma BudgIT suna da wani shafi mai suna GovSpend da yake kwaso bayanan ya tsara su, sai ka rubuta sunan kamfanin da ka gani a allo kaga ko an tura masa kuɗi, nawa, yaushe, daga wace hukuma. In ka samu, ka ɗauki sikirinshot nan take ka ajiye a wuri biyu, abin intanet yau yana nan gobe babu.

Na uku, su waye kamfanin? Shafin hukumar rajistar kamfanoni CAC yana da wurin bincike, zakaga ranar da akayi wa kamfani rajista da adireshinsa, kuma tun 2023 akwai rajistar masu ainihin mallakar kamfanoni. Kamfanin da akayi wa rajista wata huɗu kafin a bashi gada, ko wanda adireshinsa shagon caji ne, ai ka ga inda zaka sa yatsa. Dokar bada kwangila ta 2007, wadda ta kafa hukumar BPP mai sa ido a kan bada kwangilolin gwamnati, ta ce a tallata aiki a yi takara a fili, kuma ta sa iyaka a kan kuɗin kafin alƙalami da ake ba ɗan kwangila, da kashi 15 ne cikin ɗari daga baya aka ɗaga zuwa 30. To in ka ga an biya kusan duka kuɗin alhali ginin bai wuce linta ba, wani ne ya sa hannu a takardar cewa anyi aikin, kuma wannan mutumin yana da suna.

Je ka gani da idonka

Gani ya kori ji. Ku je wurin ku biyu ko uku, da rana, ku ɗauki hoto da bidiyo, a kunna abin da ke nuna wuri da kwanan wata a kyamarar waya. Ku ƙirga abin da ake ƙirgawa: an ce fitila ɗari, guda nawa ke tsaye, guda nawa ke kamawa da daddare? An ce aji shida, nawa aka yi wa rufi? An ce titi kilomita biyar, ku hau babur ku duba mita. In kuna da injiniya ko tsohon magini a gari ku tafi da shi, shi zai gane rodi ƙarami ne ko siminti bai ji ba, abin da ni da kai zamu wuce bamu gani ba. Ku tambayi maigadi da leburori yaushe rabon da a zo aiki, sun fi kowa sani, amma don Allah kar ku sa fuskarsu ko sunansu a bidiyo, abincinsu ne.

Takardar da doka ta ce dole a amsa

Wannan shine makamin da muka fi sakaci da shi a arewa. A ranar 28 ga Mayun 2011 Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar 'yancin samun bayanai, wadda aka fi sani da FOI. Dokar ta ce kowa yana da haƙƙin neman bayani daga hukumar gwamnati, kuma ba sai ka faɗi dalilinka ba. Suna da kwana 7 su amsa, in takardun suna da yawa su ƙara wasu 7. In sun ƙi sai sun rubuto dalili, in sunyi shiru doka ta ɗauka sun ƙi, kana da kwana 30 ka je kotu, kuma akwai tarar naira 500,000 a kan wanda aka samu da hana bayani ba bisa ƙa'ida ba. Wanda bai iya rubutu ba wani zai iya nema a madadinsa. Kuɗin da zasu iya karɓa a hannunka na fotokwafi ne kawai. A 2025 ma Kotun Ƙoli ta yanke cewa dokar ta hau kan jihohi, don da gwamnoni suna fakewa da cewa ta tarayya ce.

Wasiƙar da Turanci za'a rubuta ta, shafi ɗaya ya isa, kuma ka aika wa babban sakataren ma'aikatar ko shugaban hukumar, sannan ka ba minista kwafi. Dalili kuwa shine babban sakatare ne jami'in da alhakin lissafin kuɗin ma'aikata ke wuyansa a doka, shi odita zai kama, minista ɗan siyasa ne yau yana nan gobe an yi garambawul. Kar ka cika ta da ƙorafi da tarihin wahalar garinku, ka sa suna da lambar aikin, sannan ka nemi abubuwa a fili: takardar bada kwangila, sunan kamfani, jimillar kuɗi, nawa aka saki nawa aka biya da ranakun, ranar da aka yi alkawarin gamawa, takardar ƙididdigar kayan aiki da ake cewa BOQ, da takardun da injiniya ya sa wa hannu kafin kowane biya. BOQ ɗinnan ita ce zuciyar abin, ita zata nuna maka buhu nawa, rodi nawa, kaurin kwalta nawa aka biya kuɗinsa.

Ka buga kwafi biyu, a kai da hannu ofishin karɓar wasiƙu, a buga maka hatimi da kwanan wata a naka kwafin. Wannan hatimin kar ka yi wasa da shi, in babu shi cewa zasuyi basu gani ba. In Abuja tayi nisa, ma'aikatar ayyuka tana da kwanturola a kowace jiha, ko ka tura ta kamfanin aika saƙo ka riƙe rasit. Zan gaya maka gaskiya, da yawa basa amsawa. Mun taɓa kai irin wannan takardar wani ofishi, wanda ke karɓa ya juya ta gaba da baya yace wa ya aiko ku, mukace babu, yace to oga baya nan, sai da muka koma sau uku kafin a buga hatimin, amsa kuwa har yau. Amma shirun ma hujja ce, don yanzu kana iya cewa a fili mun tambaya ranar kaza sun ƙi amsawa, kuma ƙungiyoyi irin su SERAP mai kare haƙƙin jama'a sun sha kai ministoci da hukumomi kotu a kan irin wannan.

Sai a fito da magana, amma da tsari

Yanzu kana da lambar kasafi, shaidar biya, hoto, da takarda mai hatimi. Kar ka tafi kai kaɗai, hannu ɗaya baya ɗaukar jinka, kuma mutum ɗaya ne ake saya ko a tsorata. Ku zauna da ƙungiyar cigaban gari, ku sanar da mai unguwa da dagaci da liman ko da bazasu sa hannu ba, don kar a zagaya a ce musu yara ne 'yan adawa. Ku samu mata a ciki musamman in maganar asibiti ce ko ruwa, su ne suka san abin a jikinsu.

Rediyo har gobe ya fi komai ƙarfi a wajenmu. Shiri irin Inda Ranka na Freedom Radio a Kano ya sha sa jami'ai fitowa suyi bayani dole. Ku kai wa ɗan jarida takardunku a shirye, ba labarin baka ba. A soshiyal midiya kuma ku rubuta gajere, hoto ɗaya lamba ɗaya tambaya ɗaya, ku yi da Hausa da Turanci, ku sa sunan ma'aikatar da ministan. Kuma ku yi tambaya, kar ku yanke hukunci. "An biya kamfani kaza miliyan kaza ranar kaza, ga yadda wurin yake yau, ranka ya daɗe ina sauran aikin?" ya fi "ɓarawo" ciwo sau goma, kuma da wuya lauya ya samu abin da zai kai ka ƙara a kansa. Wannan ba tsoro bane, mun ga yadda aka yi amfani da sashe na 24 na dokar laifukan intanet aka kama 'yan jarida da matasa a kan rubutu, kar ka basu ƙofa.

Akwai kuma hukumomin da aikinsu kenan. ICPC tun 2019 take da shirin bin diddigin ayyukan mazaɓu da na ma'aikatu, kuma ta sha tilasta 'yan kwangila komawa bakin aiki. EFCC na nan in maganar karkatar da kuɗi ce ƙarara. Tracka, shirin BudgIT na bin diddigin ayyuka, suna da wakilai a jihohi kuma suna karɓar rahoto daga talakawa, gwamnati ma da kanta ta fito da manhajar Eyemark a ƙarshen 2022 don a riƙa ɗora hoton aiki. Sannan majalisa: sashe na 67 na kundin tsarin mulki ya ce minista ya halarci zaure in an gayyace shi ya yi bayanin ma'aikatarsa, sashe na 88 ya ba su ikon bincike. Koke yana shiga ne ta hannun ɗan majalisa, shi zai gabatar a zaure a tura wa kwamitin ƙorafe-ƙorafe. Matsalar a nan ita ce in shi honarabul ɗin naku ne ya kawo aikin kuma ɗan kwangilar yaronsa ne, ai ka ga an kai ƙarar kura wajen kura, sai ku nemi wani ɗan majalisar ko ku tsaya a ICPC. Rahoton odita janar na tarayya ma ku duba shi, yana fitowa a makare da shekaru amma yana kiran hukumomi da suna da adadin kuɗin da basu yi bayaninsa ba.

In wani ya ce ai minista ba'a taɓa shi, tuna masa Stella Oduah, ministar sufurin jiragen sama a lokacin, da motoci biyu masu sulke na naira miliyan 255 a 2013, takardu ne suka fito, a Fabrairun 2014 ta bar kujera. Betta Edu kuma, ministar jin ƙai a lokacin, wasiƙa guda ce ta fita wadda ta nemi a tura naira miliyan 585 zuwa asusun wata mata, ta ce bisa ƙa'ida tayi, amma a Janairun 2024 Tinubu ya dakatar da ita kuma bata dawo ba. Namu na kusa shine Bagega a ƙaramar hukumar Anka ta Zamfara, inda gubar dalma take kashe yara, anyi alkawarin kuɗin tsabtace garin ba'a saki ba, Hamzat Lawal da abokansa suka yi ta bin maganar da rubutu da hotuna har aka saki kuɗin a farkon 2013, daga nan ƙungiyar Follow The Money ta samo asali.

Ranar da maganarku ta fara cizo za'a kira ɗayanku gefe, ko a bashi ambulan ko a ce akwai gurbin aiki, ko a turo wani babba da kuke jin nauyinsa yace ku rufa asiri ɗan gida ne. Ku yi wannan maganar tsakaninku tun kafin ranar ta zo, duk wanda aka kira ya faɗa wa sauran, kuma takardu su kasance a hannun mutum uku aƙalla, don kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In kuma kun ga an dawo da tifa biyu da lebura biyar an ɗauki bidiyo, kar ku yi saurin buga godiya, ku koma bayan sati uku ku sake ɗaukar hoto daga daidai inda kuka tsaya a karon farko. Ko an gama an yanke ƙyalle, akwai wani kaso na kuɗin ɗan kwangila da ake riƙewa na wani lokaci don gyaran abin da ya lalace, in kwalta ta fashe a daminar farko ku rubuta wa ma'aikatar da hoto tun kafin a sakar masa wannan ragowar.

Sannan ku sa ido a ƙarshen shekara lokacin da shugaban ƙasa ke kai sabon kasafi majalisa, ministoci suna zuwa gaban kwamitoci kare nasu ɗaya bayan ɗaya. A satin ne ya kamata takardarku ta isa hannun shugaban kwamitin da magatakardansa da 'yan jaridar da ke ɗauko labarin majalisa, da lambar aikin a saman shafi, da hoton bara da na bana a jere.